Masu biya su yi gudu

Ranar da na fara kai baƙi gudu a duwatsun Poli, a arewacin Kamaru, saura ƙiris in tayar da gari guda. Mu takwas ne: Turawa biyar, ni da yarana biyu. Da hantsi muka gangaro daga wani tudu a guje, sai kawai muka faɗa kan masussuka, mata suna sheƙar dawa. Ba su tsaya tambaya ba. Wadda ta fara hango mu ta saki ƙwarya ta suri ɗanta, sauran suka rufa mata baya. Kafin mu ja birki kuwwa ta tashi a cikin ƙauyen, maza sun fara fitowa da sanduna da kwari da baka. Ga ni tsaye ina haki, hannuwa a sama, ina ta faɗa da Fillanci cewa lafiya ce, lafiya ce.

Aka kai mu gaban jauro, wato mai garin. Na cire takalmi na tsuguna na yi gaisuwa. Ya ce, "Yaro, me ya koro ku?" Na ce, "Ranka ya daɗe, babu abin da ya koro mu." Ya ce, "To me kuka biyo?" Na ce babu. Ya daɗe yana kallon Turawan nan da suka yi jawur kamar gauta, sannan ya tambaye ni nawa nake biyansu. Da na ce ai su ne suke biyana, sai da ya yi dariya har da tari. Bayan ya nutsu ya ce mini, a nan in an ga babba yana gudu, ko dai gobara ce, ko maciji ya sari wani, ko masu bindiga ne. In za mu sake wucewa gobe, in aiko tun yau. Na biya kuɗin dawar da ta zube a ƙasa, muka ƙarasa tafiyar ranar a hankali kamar masu rakiyar amarya.

Wannan aiken da jauro ya ce in riƙa yi, shi ne rabin sana'ata har yau. Gudun kansa ba ni nake yi wa baƙi ba, da ƙafafunsu suka zo.

Ni haifaffen Mokolo ne, mahaifina ɗan goro ne a kasuwa. Tun ina saurayi na fara bin masu yawon buɗe ido zuwa Rumsiki, kilomita 55 daga gida, inda duwatsun Kapsiki suke tsaye ƙiƙam kamar an kafa turaku. Lokacin motoci daga Marwa ba sa yankewa. Mu zagaya da baƙo cikin kwari, mu kai shi wurin bokan nan mai duba da ƙaguwa, ya ɗauki hoto, ya ba mu na goro. Ran 19 ga Fabrairu 2013 aka sace iyalin Faransawa mutum bakwai, huɗu daga cikinsu yara, a kusa da Dabanga bayan sun fito daga gandun dajin Waza. An sake su a watan Afrilu, amma kasuwarmu ba ta sake tashi ba. Ƙasashen Turai suka shafa wa yankinmu jan fenti a taswira, masauki ya koma kango. Na sayar da zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bumburutu, a kwalba a bakin titi, na yi acaɓa, daga baya na tattara na dawo Garwa.

Wata tsohuwar baƙuwata ce ta sa ni a wannan hanya. Ta je wani tsere da ake yi a duwatsun Ennedi na Chadi, ta bugo mini waya tana tambaya ko akwai inda za a yi irinsa a wajenmu, ba gasa ba, hutu kawai: a yi gudu da safe, a kwana a ƙauye, gobe a ci gaba. Na ce akwai, alhali ko takalmin gudu ban taɓa sawa ba. Mutanen kudu sun san abin, tun 1973 ake tseren hawa Dutsen Kamaru a Buea, kuma ko yaro ya san Sarah Etonge da ta ci shi sau bakwai. Mu a arewa kuwa, in ba ƙwallo ba, wa zai yi gudu a banza?

Yanzu kamfanin namu ni ne, da direba, da mai dafa abinci, da yara huɗu, da tsohuwar Hilux guda, da takardar izini daga ma'aikatar yawon buɗe ido. Muna aiki a wurare biyu: kewayen Hosere Vokre kusa da Poli, wanda tsayinsa ya ɗan haura mita 2,000, da kuma duwatsun Alantika a ƙetaren kogin Faro, kan iyaka da Najeriya, inda ake hawa ta Wangai.

Lokacin aikin gajere ne. Da damina ciyawa ta fi mutum tsawo, rafuka sun cika, hanya ta ɓace. Daga Maris kuma zafin Garwa yakan wuce digiri 40, duk wanda ya sa baƙo gudu a lokacin neman rai yake yi. Abin da ya rage shi ne Nuwamba zuwa Fabrairu. Nuwamban ma da sauranta, don sai an ƙona daji hanya take fitowa, kuma bayan ƙuna kututturen ciyawa kan tsaya kamar allura, toka ta shiga safa. Disamba da Janairu sun fi daɗi, sai dai hazo. Akwai ranar da za ka wahala ka kai baƙo ƙololuwa, ya ciro kyamara, ya ga babu komai sai fari fat. Yakan juyo ya dube ni kamar ni na ɓoye masa ƙasar.

Ba ma share hanya. Wadda muke bi ta mata masu zuwa kasuwa ce da ta makiyaya, ƙafa ce ta fitar da ita tun kaka da kakanni. Da farko na kwaikwayi Turawa, na ɗaura jan ƙyalle na leda a rassan itatuwa don kada wani ya ɓata. Kafin gari ya waye yara sun kwance rabi sun yi ado da shi, awaki sun cinye sauran. Na koma shafa farar ƙasa a kan duwatsu, sai wani ƙauye suka ɗauka masu awon fili ne suka zo ƙwace musu gonaki. Na haƙura. Yanzu alamarmu mutum ce. Kowane ƙauye da za mu ratsa yana ba mu saurayi guda, mu biya shi, shi ne ɗan gaba har iyakar ƙasarsu, can ya miƙa mu ga na gaba. Doka ɗaya ce ba na sassautawa: babu mai wuce ɗan gaba komai saurinsa, babu mai zama bayan ɗan baya komai gajiyarsa. Da ɗan gari akan ci gari, kuma matar da ta hango ɗan maƙwabcinta a gaban ayari ba za ta saki ƙwarya ba.

Amma abin da yake hana ni barci ruwa ne. Mai gudu guda yana shan abin da bai gaza lita 6 ba a yini, ban da girki, ban da wanka. Jarka mai lita 20 nauyinta kilo 20 ne, mota kuma ba ta hawa dutse. Saboda haka kwana guda kafin baƙi su taka hanya, 'yan dako sun riga sun hau da jarkoki a ka, sun ajiye su a inuwa duk bayan kilomita 7 ko 8, kowace da mai gadinta. Ba na ɗiban ruwan rijiyar ƙauye sai da izini, musamman a ƙarshen Janairu da ruwa ya ja baya. Ba zai yiwu mace ta yi sammako ta kwarfo abin da za ta dafa wa 'ya'yanta, mu kuma mu zo mu zuba wa baƙo a ka don ya ji sanyi ba. Wanda muka ɗiba sai an tace an sa masa magani.

Hunturu mayaudari ne. Iskar a bushe take, gumi na fitowa yana bushewa, sai mutum ya ga rigarsa ba ta jiƙe ba ya ɗauka bai rasa komai ba. Shi ya sa a kowane zango akwai ruwan gishiri da sukari irin wanda ake ba yaro mai gudawa: lita guda, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Tsurar ruwa ma in ya yi yawa babu gishiri yana kayar da mutum. Ni ba agogon hannunsu nake kallo ba, bakinsu nake saurare. Wanda yake ta zolaya tun asuba, in na ji ya yi tsit, to shi zan matsa kusa da shi.

Sau ɗaya na yi sake. Wani ƙaƙƙarfan mutum ne da ya sha tsere a Turai, ya ce shi ba ya tsayawa a kowane zango. Na ji nauyinsa, ya girme ni, kuma shi ya tara ayarin. Wajen ƙarfe ɗaya na rana, a gangaren Vokre, ya zauna a kan dutse ya fara amai, yana kiran ni da sunan wani. A can babu jirgi mai saukar ungulu da zai zo, waya ma sai ka hau wani tudu take kamawa. Muka sare sanduna biyu, muka ɗaura zannuwa, muka ɗauko shi awa huɗu kafin mu kai inda babur ke iya zuwa. Allah ya rufa asiri, ƙarin ruwa biyu ya tashi. Tun daga nan, ana idar da sallar asuba muke tashi, ƙarfe 11 kowa yana gindin bishiya. Mai gardama in mayar masa da kuɗinsa a Garwa, ba a kan dutse ba.

Sauran abubuwan ƙanana ne, amma ana faɗa wa kowa a daren farko. A zazzage takalmi kafin a sa. Ba a fita da silifa da dare, don yankin Poli ya yi suna da kububuwa. In an haɗu da garken Bororo a daina gudu a taka a hankali, jajayen shanun nan masu dogon ƙaho ba sa son ba-zata. Abinci kuwa, sukan zo da 'yan ledojinsu masu zaƙi kamar man goge baki, amma zuwa rana ta uku za ka ga aljihun kowa cike da dakuwa, dabino da kilishi. Kunun gyaɗa da asuba, tuwo da miyar yakuwa da dare.

A Alantika akwai wata magana da nake nanatawa har baƙi su gaji. Mutanen Koma da ke saman duwatsun suna da al'adarsu, wasu tsofaffin mata har yanzu ganye suke ɗaurawa, suna shan lofe. Na ga masu kawo baƙi suna jera su ana ɗauka kamar kayan kasuwa, abin yana ƙona mini rai. A ayarina kyamara tana cikin jaka har sai an zauna, an gaisa, an sha ruwa, an tambaya. In an ce a'a, shi ke nan.

Kuɗi fa? Baƙo yakan lissafa Yuro guda sefa 656, ya ga kamar na yi arziki. Bai ga man mota ba, da tayoyin da hanyar Poli ke ci, da 'yan dako, da 'yan gaba, da goron fada. Abin da na samu a wata uku da rabi shi zai riƙe gida shekara, shi ya sa da damina nake sarin gyaɗa da albasa. Ga kuma masu garkuwa da mutane da suka addabi wasu sassan jihar. Kafin kowace tafiya sai na je wurin jandarmomi, na je fadar lamiɗo, na kuma tambayi makiyaya, waɗanda galibi sukan riga kowa ji. An yi lokacin da na soke tafiya ana saura kwana uku, na mayar da kafin alƙalami, na ci bashin abincin da na riga na saya. Bayan korona a 2020 Turawa sun ragu, sai 'yan ƙasa suka fara zuwa: ma'aikata daga Duwala da Yawunde, su kwana a jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, su ƙarasa da mota, wasunsu suna shirin tseren Buea ne. Sun fi Turawa ciniki, amma sun fi su haƙuri da hazo. Azumi ma yana ta matsowa cikin hunturu, kwana 11 kowace shekara, kuma ba zan sa yarana hawan dutse da ƙishirwa ba, don haka lokacin namu ƙara tsukewa yake yi.

Da UNESCO ta sa kufan Diy-Gid-Biy na duwatsun Mandara, can yankinmu na Mokolo, cikin kayan tarihin duniya a 2025, an yi ta kirana ana tambaya yaushe zan koma da baƙi gida. Na je Rumsiki ni kaɗai, na sauka kwarin da na saba, ƙafata ba ta manta ko dutse ɗaya ba. Amma ban shirya ɗaukar amanar ɗan wani zuwa can ba tukuna.

Jikan jauron nan shi ne babban ɗan gabana yanzu. Da takalmin roba yake hawa, kuma ban taɓa kawo baƙon da ya sa shi haki ba. Bara wata baƙuwa ta bar masa takalmin gudu sabo fil, mai tsada. Da na je zagayen hanya makon jiya na tarar yana nan cikin kwalinsa a saman rumbu. Ya ce sai ranar kasuwa yake sawa, kada duwatsu su lalata masa shi.