S. Banerjee Nawa Ne a Tarihin Kurket na Indiya?

Duk wanda ya buɗe tsohon jadawalin sakamakon wasan kurket (wasan ƙwallo da sanda) na Indiya ya ga an rubuta "S. Banerjee", to kada ya yi saurin cewa ya san ko wane ne. Mutum uku ne masu wannan suna suka buga wa Indiya wasan Test, wato babban wasan nan na kwana biyar. Sunan kowannensu da harafin S ya fara, dukkansu masu jifa ne da gudu, kuma kowannensu wasa ɗaya tak ya buga aka ajiye shi. Ba ɗan'uwan wani a cikinsu.

A fara da sunan kansa. Banerjee gajartawa ce ta zamanin mulkin Turawan Ingila. Asalinsa a harshen Bengali Bandyopadhyay ne, kuma kashin ƙarshe, upadhyay, na nufin malami. Haka aka yi wa 'yan'uwansa: Mukhopadhyay ya koma Mukherjee, Chattopadhyay ya koma Chatterjee, Gangopadhyay ya koma Ganguly. Duk sunayen zuriyoyin Brahmin ne, wato ajin malaman addinin Hindu, na ƙasar Bengal. Saboda haka sunan yana nuna zuriya ce mai faɗi, ba gida ɗaya ba, kuma masu amsa shi ba sa ƙirguwa.

Matsala ta farko ita ce rubutu. Mutum ɗaya zai iya zama Banerjee a jaridar Turanci, ya zama Bandyopadhyay a jaridar Bengali ta rana guda. Akwai kuma Banerji, da Banerjea, da Bonnerjee. Shugaban farko na jam'iyyar Congress ta Indiya a 1885, W. C. Bonnerjee yake rubuta nasa, shi kuwa Surendranath, wanda ya shugabanci jam'iyyar daga baya, an fi saninsa da Banerjea. Wanda ya tsaya kan rubutu ɗaya wajen bincike, rabin abin da yake nema zai wuce shi.

Matsala ta biyu suna biyu ne. Mutanen Bengal na da sunan gida, daknam, da sunan takarda, bhalonam. A kurket sau da yawa sunan gida ne ke bin mutum har filin wasa, amma jadawali da haruffan sunan takarda yake aiki. Nan ne ake rikicewa da mutanenmu uku.

Na farko Montu Banerjee, wanda a takarda S. A. Banerjee ne. Ya buga da tawagar West Indies a filin Eden Gardens na Kalkata, wasan da aka fara ranar 31 ga Disamba 1948. Da jifarsa ya fitar da masu bugu biyar na abokan karawa, huɗu a zagayen farko, ɗaya a na biyu. Ba a sake kiransa ba.

Na biyu Shute Banerjee, S. N. a takarda, kuma shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. An haife shi a 1911. Ya bi tawagar Indiya zuwa Ingila sau biyu, a 1936 da 1946, amma ko sau ɗaya ba a saka shi a wasan Test ba. Abin da ya sa sunansa bai ɓace ba ya faru ne a filin Oval na Landan a 1946, a karawa da ƙungiyar Surrey. Shi ne na goma sha ɗaya a jerin masu bugu, wato na ƙarshe, wurin da ake ajiye wanda ba a sa ran komai daga sandarsa. Ya haɗu da Chandu Sarwate, na goma, suka tara maki 249 tare: Sarwate 124 ba a fitar da shi ba, Banerjee 121. Na goma da na sha ɗaya su ci ɗari-ɗari a zagaye guda abu ne da ba a saba gani ba ko kusa. Sai a Fabrairun 1949, yana da shekara 37, aka ba shi wasansa a Bombay, da West Indies ɗin dai. Shi ma mutum biyar ya fitar, ɗaya a farko, huɗu a na biyu. A ganina an ɓata masa ƙuruciyarsa a benci.

To ga tarkon: jerin wasanni ɗaya, abokan karawa ɗaya, mutum biyar-biyar, tazarar mako biyar kawai. Shi ya sa ake yawan haɗa su a mayar da su mutum ɗaya mai wasa biyu. Gari ne ke raba gardama. In Kalkata ne, Montu ne. In Bombay ne, Shute ne.

Na uku bai da wahalar ganewa domin shekara 43 ke tsakani. Subroto Banerjee, S. T. a takarda, haifaffen Patna, ya buga a Sidni a Janairun 1992, wasan da Shane Warne, shahararren mai jifa na Ostireliya, ya fara fitowa. Ya fitar da uku a zagayen farko, Geoff Marsh da Mark Taylor da Mark Waugh, a kan maki 47. A zagaye na biyu ba a ba shi ƙwallo ba ko sau ɗaya.

Akwai S. na huɗu da ke shiga tsakani, Sambaran Banerjee, mai tsaron bayan sanduna, wato mai cafke ƙwallo a bayan mai bugu. Bai buga wa Indiya Test ba, amma shi ne kyaftin ɗin Bengal lokacin da ta ci kofin Ranji, gasar cikin gida ta Indiya, a kakar 1989 zuwa 1990, kuma a wasan ƙarshe na wannan kofin ne Sourav Ganguly, wanda daga baya ya zama kyaftin ɗin Indiya, ya fara buga wa jihar. In jadawalin na Bengal ne, na shekarun 1980, wannan ake nufi.

A wajen fili ma haka abin yake. Mamata Banerjee ta kafa jam'iyyar Trinamool Congress a 1998, ta zama babbar ministar jihar Bengal ta Yamma a 2011 bayan shekara 34 na mulkin 'yan gurguzu. Abhishek Banerjee, ɗan majalisa mai wakiltar mazaɓar Diamond Harbour tun 2014, ɗan ɗan'uwanta ne na jini. Abhijit Banerjee kuwa, masanin tattalin arzikin da ya samu kyautar Nobel a 2019 tare da Esther Duflo da Michael Kremer, ba danginta ba ne. Haruffa kaɗan ne tsakanin Abhishek da Abhijit, kuma mai rubutu cikin gaggawa kan ba ɗan siyasa kyautar masani.

Hanyar tantancewa ba ta da tsawo. A nemi harafi na biyu na sunan, domin S. A. da S. N. da S. T. mutane daban ne. A duba shekara da filin wasa kafin a duba alƙaluma, tunda alƙaluman Montu da Shute kusan iri ɗaya ne. A sake bincike da Bandyopadhyay da Banerji. Dangantaka kuma kada a rubuta ta sai an ga an ambaci uba ko ɗan'uwa da suna, kamar yadda aka san Snehasish Ganguly yayan Sourav ne, wanda ma gurbinsa Sourav ya ɗauka a wancan wasan ƙarshe na 1990.