Zafin bazara ba ya gama da tsutsar tumatir

Masu garka da yawa a Galmi, Ƙonni da Tabalak, cikin jihar Tahoua ta Nijar, sun yarda cewa idan zafin Afrilu ya sauka, tsutsar tumatir ta mutu. Laɓewa kawai take yi, kuma wannan zaton yana jawo asara.

Ƙwaron nan, Tuta absoluta, baƙo ne. Daga Kudancin Amurka ya fito, aka gan shi a Sifen a 2006, ya ratsa Arewacin Afirka ya sauko mana. A 2016 ya cinye tumatir a Kano da Kaduna. Ƙwaro ba ya riƙe ɗumin jikinsa, yanayi ne ke tafiyar da girmansa. A digiri 14, daga ƙwai zuwa tsutsa har ta zama ɗan malam buɗe littafi yana ɗaukar kwana 76. A digiri 27, kwana 24 sun isa. Mace ɗaya tana iya zuba ƙwai har 260, kuma ba ta dogon barcin da wasu ƙwari ke yi lokacin sanyi.

Shi ya sa Disamba da Janairu suke yaudara a Tahoua. Hunturu yana rage wa tsutsar gudu, sai ka ga ɗan farin tabo ɗaya ko biyu a ganye ka raina. Da Fabrairu ya ɗumama, zuriya na bin zuriya cikin mako uku zuwa huɗu, a daidai lokacin da tumatir ke ƴaƴa.

Zafi sama da digiri 35 yana kashe da yawa, gaskiya ne. Amma ka sa hannu ƙarƙashin tumatir da aka ba ruwa da safe, za ka ji sanyi. Tsutsar tana cikin naman ganye, wadda ta naɗe kanta kuma tana cikin ƙasa mai danshi. Sauran suna komawa kan yalo, dankalin turawa da ragowar tumatir da aka bari a fili bayan tsinka.

Don haka a kafa tarkon ƙamshin mace, wato mai ƙwayar da ke ba da ƙamshin macen ƙwaron don ya jawo maza su faɗa ciki, tun ranar dashe, kada a jira ganin ɓarna: kwano da ruwa da ɗan sabulu, biyu ko uku a eka, wato hekta, don sa ido. A sauya ƙwayar ƙamshin duk mako huɗu zuwa shida, da zafi kuwa a gaggauta, domin saurin tashi take yi. Ganyen da ya yi tabo a tsinke, a ɗaure cikin baƙar leda, a ajiye a rana. A nan zafin yake aiki sosai. Feshi da yamma ya fi, ko na ƴaƴan dogonyaro ne, gram 500 da aka daka aka jiƙa dare ɗaya cikin lita 10 na ruwa. Kada a nace wa maganin kanti iri ɗaya, tsutsar tana saurin sabawa da shi.

Bayan tsinka ta ƙarshe, a tuge komai a ƙone, a kaɗe kwanduna kafin su bar garka zuwa wata.