Zane a fili: aikin bai ƙare ba sai allo ya isa gida lafiya

Duk ranar da zan fita zane a waje, abin da nake fara shiryawa shi ne yadda zan dawo da allon, tun kafin in zaɓi fenti. Fentin mai ba ya bushewa irin ta ruwa da ke ƙafewa. Man da ke cikinsa ne yake haɗuwa da iska har ya taurare, shi ya sa samansa kan yi kwanaki yana ɗanye, cikinsa kuwa sai ya yi watanni bai kama jiki ba. Bakin jaka ko hannun riga ya ɗan shafe shi a hanya, aikin yini guda ya tafi ke nan.

Ina da akwatin katako mai kwarmi a ciki, kowane allo yana zurawa a layinsa, fuskarsa ba ta taɓa komai. In kyallen zane nake amfani da shi, sai in fita da guda biyu masu girma ɗaya, in yanka toshiyar kwalba gida huɗu in sa a kusurwoyi, in haɗa su fuska da fuska in ɗaure. Ratar nan ta kaurin yatsa ta wadatar.

A wurin aikin kuwa, rana ce ke mulki. Bayan kamar awa biyu inuwa ta sauya gurbi, launin tudun da ke gabanka ma ya zama wani daban. Don haka nakan zauna da ƙaramin allo, in fara da shata inuwoyi da wurare masu duhu, in tsaya a kan abin da na gani da farko. Mai bin rana da burushi duk inda ta juya, zanensa yakan dagule ya koma laka. In ban gama ba, gara in koma washegari a daidai wannan lokacin. John Constable, mai zanen Ingila, da yake nazarin gajimare a Hampstead, kusa da Landan, a 1821 da 1822, yakan rubuta kwanan wata da sa'a da inda iska ta fito a bayan takardar. Na ɗauki wannan ɗabi'ar, kuma tana yi mini amfani sosai idan na zo faɗaɗa zanen a ɗakin aiki.

Abin da na fi nanata wa masu tasowa shi ne kada su bari rana ta haska allon kai tsaye. Hasken yana yaudarar ido, sai ka riƙa haɗa launi mai duhu ba ka sani ba, ka shiga da shi ɗaki ka tarar kamar da magariba aka yi shi. Allo da farantin haɗa fenti duka su kasance a inuwa ɗaya. Laimar ta zama fara ko toka ko baƙa, domin ja ko shuɗiya za ta zuba launinta a kan aikin. Ko rigar jikinka mai launi tana iya yin haka.

Iska kuma sai an yi mata shiri. Nakan rataya jakata, da duwatsu a ciki, a tsakiyar ƙafafun majinginar allon don kada ta kife. Ƙura da ƙananan ƙwari dai ba makawa sai sun faɗa. Na ga mai zane yana tsince su da farce a ɗanyen fenti, kowane ɗan ƙwaro ya bar masa rami a sararin samaniyar da ya sha wahalar shimfiɗawa. Ka ƙyale su. In ya bushe, yawancinsu suna fita da busasshen burushi mai laushi. Wanda ya ƙi fita ma ba abin tashin hankali ba ne: zanen da Claude Monet, mai zanen Faransa, ya yi a bakin teku a garin Trouville a 1870, wanda ke gidan adana zane na ƙasa a Landan, har yau akwai yashi a cikin fentinsa.

A gida ina jingina allon a tsaye, fuskarsa ta ɗan karkata ƙasa don kada ƙura ta zauna, a ɗaki mai iska da haske amma ba inda rana ke duka ba. Man sheƙi na ƙarshe ba na shafa shi sai bayan wata shida, in fentin mai kauri ne har shekara. Ledar nan mai kumfa da ake naɗe kaya da ita, kada ta taɓa fuskar zane, tana barin tabo zagaye-zagaye. Takarda mai santsi ake fara sawa. In kuma dole sai an naɗe kyalle, fenti ya kalli waje.

Ka duba jikin fentin da kake saye, akwai alamar juriyarsa ga haske, I ko II su ne abin dogaro. Ga misali, bangon da ke cikin zanen da Van Gogh, mai zanen Holland, ya yi na ɗakin kwanansa a 1888 asalinsa shunayya ne, wato shuɗi haɗe da ja, jan da ke ciki ya koɗe, yau shuɗi muke gani. Ba na son wanda ya sayi aikina ya gamu da irin wannan.

Kafin zane ya bar hannuna nakan ɗauki hotonsa da kyau, in rubuta sunana da shekara da wurin da aka yi shi da irin fentin a bayansa. A ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar Berne ta 1886 kan haƙƙin masu rubutu da zane, haƙƙin mallaka yana tabbata ga mai zane da zarar ya yi aikin, ba sai ya yi rajista ba, kuma a yawancinsu sayar da allon ba ya nufin an sayar da ikon buga shi a kalanda ko riga. Ina rubuta wannan a takardar ciniki, mu biyu mu sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa.