Ranar da Aka Hana Ni Cewa "Mu"

Shekara tara ina aikin hanyoyi da magudanan ruwa tsakanin Kano da Jigawa, kuma a tsawon lokacin nan babu wanda ya taɓa tambayata wanne ne nawa a cikin aikin. In kwalbati ya tsaya, kamfani ne ya yi. In ruwa ya tafi da shi, to nan ne ake neman injiniya da sunansa har da na ubansa. Sai da na sa kaina neman bizar ƙwararru ta Ostiraliya aka yi mini tambayar, na kuma shafe kusan wata huɗu ina lalube kafin in amsa.

A tsarinsu, kafin ka shiga layin biza sai wata hukuma ta tantance karatunka ta ce lalle kai ne abin da kake iƙirari. Ta yawancin injiniyoyi ita ce Engineers Australia, kuma ƙofa biyu gare ta. Ta farko ta waɗanda digirinsu ke ƙarƙashin Yarjejeniyar Washington ce, ta amincewa da digirin injiniya na juna, wadda ƙasashe shida suka ƙulla a 1989: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ailan, Ostiraliya da New Zealand. Afirka ta Kudu ta shiga a 1999, Indiya a 2014, Pakistan a 2017. Wanda ya yi kwas ɗin da aka amince da shi a waɗannan ƙasashe, takardunsa zai miƙa ya koma gefe ya jira. Mu kuwa ta ɗaya ƙofar muke bi. Na ɗauka rajistata ta COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, da hatimina za su sa a ɗaga mini ƙafa, ashe ba sa sauya wa mutum layi.

Da aka ba COREN matsayin wucin gadi a yarjejeniyar a 2023, zaurukanmu na WhatsApp sun cika da barka da arziki, har wasu na cewa an gama wahala. Matsayin wucin gadi dai sa rana ne, ba ɗaurin aure ba. Kuma ko an ɗaura, yarjejeniyar ba ta waiwaye can baya ta ɗauko digiri irin nawa na 2011.

Ƙofa ta biyu ita ake kira CDR, wato rahoton nuna ƙwarewa. Za ka rubuta labari uku na aikin injiniya da ka yi, kowanne kalma 1,000 zuwa 2,500, kowane sakin layi da lambarsa. Sannan ka yi jadawalin da ke nuna a wane sakin layi ka cika kowanne daga cikin sharuɗɗan ƙwarewa 16 da suke nema. Na ce wannan ai tuwona maina, mutumin da ya saba rubuta rahoton wata-wata. Cikin mako biyu na gama na farko, na tura wa wani abokin karatuna da ya riga ni tafiya, yana birnin Perth na Ostiraliya. Washegari bayan asuba sai ga saƙon murya: "Injiniya, wai kamfaninku ne zai yi ƙaura ko kai? Na ƙirga 'mun yi' da 'muka yi' har na gaji. Ina kake a cikin labarin nan?"

Raina ya ɗan sosu, ba zan ɓoye ba. Mu an raine mu a kan yabon kai jahilci. Yaron da ya tashi a gaban manya yana "ni na yi, ni na gyara", sunansa marar kunya. A wurin aiki ma, in maigida na zaune, ko kai ka kwana kana lissafin, cewa za ka yi "mun duba, Yallaɓai". Har gobe ina ganin kyan wannan ɗabi'a, don ba injiniya ke zuba kankare shi kaɗai ba. Amma da na zauna in mayar da kowace "mu" ta koma "ni", sai na gano abin da ya fi ɓacin ran ciwo. A wurare da yawa kunya ba ta da laifi, ni ne ban san me na yanke da kaina ba. "Mu" ta zame mini bargo, na lulluɓe da ita har na manta siffar abin da ke ƙasa.

Aiki guda ne na tabbata nawa ne. Wata hanyar karkara ce, zanen da aka ba mu ya sa bututu biyu masu faɗin milimita 900 a kan wani rafi da ke bushe ƙurmus da rani. Ranar da muka je awo, wani dattijo da ke gyaran gonarsa ya tsaya yana kallonmu, can ya ce, "Samari, nan za ku sa 'yan tukwanen nan?" Ya ja ni zuwa gindin wata tsamiya ya nuna mini inda ruwa ke kaiwa a watan Agusta, daidai ƙirjina. Na koma na sake auna faɗin ƙasar da ke juye ruwanta cikin rafin, na sake lissafi, na rubuta a mayar da shi kwalbati mai ɗaki biyu. An yi ta ja-in-ja saboda kuɗi, daga baya aka yarda. Labari ne mai kyau, sai dai mai tantancewa ba tatsuniya yake so ba. Yana son yawan ruwan da na ƙiyasta, hanyar da na bi na samo shi, ƙa'idar da na dogara da ita, da abin da gwajin kankare ya nuna a kwana 7 da kwana 28. Ni kuwa ko takarda ɗaya ban ajiye ba.

A ofishin tsohon kamfanin, sito aka buɗe mini, na tarar gara da ɓera sun riga ni karanta fayilolin. Wanda ya cece ni tsohon fomanmu ne, mutumin da bai wuce firamare ba. Na same shi a gida da yamma, ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, ya shiga ciki ya fito da wani buhu cike da littattafan rubutu irin na 'yan makaranta. Kowane aiki da littafinsa: ranar da aka zuba kankare, buhun siminti nawa, rodi mai kauri nawa, wa ya zo dubawa. A tsakiyar ɗaya, ga shafi uku da rubutun hannuna, da shatin kofin shayi a kai. Lissafin rafin nan ne, na yi shi a littafinsa ranar da nawa ya ƙare. Ya ce, "Injiniya, ai ni ba na yar da takarda. Wata rana za a ce ba a yi ba." Kunya ta kama ni irin wadda ban ji ba ko a gaban malaman da suka yi mini jarrabawar baka.

Sai maganar shekarun aiki, inda na yi asarar da ba ta gyaruwa. Na je wurin maigidana na farko neman takardar shaida, ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya rubuto cewa ni yaro ne mai ladabi da riƙon amana. Na gode masa, sannan na yi ta kwana-kwana kafin in iya cewa, "Yallaɓai, so suke a faɗi ranar da na fara da ranar da na bari, awa nawa a mako, albashi nawa, da ayyukan da na riƙe ɗaya bayan ɗaya." Ya sake rubutawa ba musu. Amma takardar kamfani ba ta isa ita kaɗai, sai an haɗa da shaidar da ta fito daga wani wuri daban, kamar ta haraji ko ta asusun fansho. Shekara huɗun farko a ambulan ake miƙo mini albashi, ina murna ba a cire mini komai. Shekara tara ta koma biyar. A ma'aunin makin da suke ba mai neman biza, shekara takwas ta aiki a wajen Ostiraliya maki 15 ce, biyar kuwa 10. Ina cikin zaryar karɓo takardar sakamakon jami'a kuma na cika 33, makin shekaruna ya sauko daga 30 zuwa 25. Maki goma suka tafi ba tare da na faɗi ko jarrabawa ɗaya ba.

Turanci ma sai da aka auna, duk da cewa da shi muka yi karatu tun daga firamare. Maki 6 a kowane ɓangare na jarrabawar Turanci ta IELTS ya wadatar a tantance ka, amma ba ya ƙara maka komai a biza. Sai 7 ke ba da maki 10, 8 kuma 20. Sau biyu rubutu na tsayar da ni a 6.5.

Ana cikin haka masu "kawo kuɗi mu rubuta maka CDR" suka yi ta shigo mini waya. Kada ka soma. Ana bincika satar rubutu, kuma wanda aka kama ana iya rufe masa ƙofa shekara guda ko fiye. Ban da haka, wanda bai taɓa tsayawa a bakin rafin nan ba, me zai ce game da tsamiyar? Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: ko da digirinka na shekara biyar, in labaranka sun nuna sa ido kawai kake yi a kan zanen wani, ana iya sauko da kai matakin da ke ƙasa da cikakken injiniya.

Takardata ta fito da lambar sana'a 233211, injiniyan gine-gine da hanyoyi. Na yi sujjadar godiya, sannan abokina na Perth ya zuba mini ruwan sanyi. Takardar ba biza ba ce, ba aiki ba ce, ba kuma lasisi ba. Maki 65 shi ne mafi ƙarancin da ake shiga layi da shi, gayyatar neman bizar kuwa sau da yawa sai an haura haka. A jihar Queensland sai ka yi wata rajistar daban kafin ka yi aikin injiniya da gashin kanka. Ya ce in fara karanta AS 3600, ƙa'idar ginin kankare ta Ostiraliya, don BS 8110 ta Birtaniya da muka haddace babu mai tambayarsa a can.

Na lissafa makina ya tsaya a 60. Maki biyar ɗin da suka cike gurbin daga uwargida suka fito, da ta zauna IELTS ta ci 6 a kowane ɓangare a zama ɗaya. Har yau in muka yi saɓani takan tuna mini.