Ƙaurin roba daga jirgin ƙasan yara

Jiya da yamma a gidan yayana yara na wasa da jirgin ƙasan nan mai aiki da lantarki, wanda ke zagaya ɗan dogonsa, sai muka ji ƙauri. Ashe ɗan akwatin da ke rage ƙarfin wuta kafin ta shiga dogon ne ya ɗau zafi, har robarsa ta fara narkewa ta manne da kafet. Allah Ya kiyaye, da manya a ɗakin, nan take aka zare shi daga soket.

Da mai gyara ya buɗe, ya ce kayan Amurka ne, an ƙera shi don wuta mai volt 120, tamu kuwa 230 ce. Mai gwanjon da ya sayar bai ce uffan ba, ya dai sauya masa kan fulogi ya miƙa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a can idan kayan wasa ya nuna haɗarin gobara, ana sanar da jama'a a janye shi. A 1998 kamfanin kayan wasa na Fisher-Price ya kira motocin yara masu batir na Power Wheels har kusan miliyan 10 don a gyara kyauta, saboda wayoyinsu na zafi, wasu ma sun kama da wuta. Mu da kaya ke iso mana ba kwali ba takarda, wa zai sanar da mu?

Iyaye, don Allah ku juya bayan adaftar, wato wannan ɗan akwatin, ku karanta. In 120V kaɗai aka rubuta, kar a jona sai da taransifoma mai rage wuta zuwa 120.