Kwana biyu muna bin hadari daga Oklahoma zuwa Kansas

A garinmu idan hadari ya haɗo daga gabas kowa gida yake nufa, mata su kwashe shanya, a koro awaki, a kife turmi, yara su yi ta tsalle a lungu har sai an daka musu tsawa. To ni dai ban taɓa kawowa a raina wata rana zan shiga mota in yi tafiyar ɗaruruwan kilomita don in je in tari hadari ba, sai da karatu ya kai ni garin Norman a jihar Oklahoma ta Amurka. Garin nan kusan kowa zancen sama yake yi, don a nan cibiyar hasashen hadari ta ƙasar gaba ɗaya take, a cikin harabar jami'a ma, kullum suna fitar da taswira mai mataki 5 da ke nuna inda ake tsoron abin zai yi muni.

Wanda muke haya gida ɗaya da shi ilimin yanayi yake karantawa, tun Afrilu yake min naci wai in ɗauko kyamarata mu fita. Ranar wata Laraba cikin Mayu ya ƙwanƙwasa min ƙofa ko shayi ban sha ba, ya miƙo min waya, yammacin jihar an shafa masa launin mataki na 3. Na ce to bismillah, gani ai ya kori ji. Na zuba batura da ƙafar kyamara da sallaya a jaka, muka saya ruwa da gyaɗa da burodi, muka kama hanya.

Ba mu yi nisa ba muka ratsa Moore, garin da ke tsakanin Norman da babban birnin jihar. Nan ne mahaukaciyar guguwar da suke kira tonado ta bi ranar 20 ga Mayun 2013 ta kashe mutum 24, ciki har da yara 7 a wata firamare. Yanzu in ka wuce gidaje ne sababbi fes, sai dai bishiyoyin duk ƙanana ne, abokina ya ce ta nan ake gane inda ta bi. Da muka juya yamma muka zo wajen El Reno sai ya rage rediyo. Kwana 11 kacal bayan ta Moore, ranar 31 ga watan, aka yi wadda ba a taɓa auna mai faɗinta ba, kilomita 4.2, kuma a cikinta Tim Samaras da ɗansa Paul da abokin aikinsu Carl Young suka rasu, mutanen da bin hadari shi ne sana'arsu, sun fi kowa taka-tsantsan. Abokina ya ce min duk inda muka tsaya yau sai mun san hanyar gudu biyu kafin in buɗe jakar kyamara, in kuma ya ce shiga mota to in shiga ko da hoton ya rage saura ƙiris. Na ce na ji na yarda.

A hanya ne ya yi min bayanin abin da ya sa yankin nan ya zama matattarar hadari, kuma wallahi da ka ga ƙasar da idonka sai ka gane. Fili ne shimfiɗe ba dutse ba tudu, iska mai ɗumi da laima tana tasowa daga tekun Mekziko ta kudu ba abin da ya tare ta, busasshiyar iska kuma tana gangarowa daga hamada da duwatsun Rocky ta yamma, inda suka yi karo nan ake jira. Can sama kuma akwai wata iskar mai tsananin gudu da ke kaɗawa ta wani ɓangare daban da ta ƙasa, ita ce ke murɗa hadarin ya dinga juyawa kamar ana tuƙa tuwo. Irin wannan mai juyawar shi suke kira sufasel, shi ne mai jefo ƙanƙara manya, shi ne kuma wani lokaci yake haifar da tonado. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne a nan hadari daga kudu maso yamma yake tasowa ya nufi arewa maso gabas. Ni da na tashi ina duban gabas in an ce hadari, sai da na yini ina juya wuya ta inda ba nan ba.

Wajen azahar muka isa Woodward, muka faka a wani gidan mai inda muka tarar da motoci sun fi ashirin duk irin namu, wasu da eriya a saman mota, wasu gilashin gaba duk ya tsage, bonet ya lotsa kamar an bi shi da guduma. Muka zauna. Zafi, iska na kaɗawa daga kudu, kowa ya ƙura wa waya ido yana kallon radar, wato hoton da ke nuna inda hadari yake da inda ya nufa. Gajimare ya taso fari ya yi tsiri kamar zai yi wani abu, sai ya lanƙwashe ya watse, wani ya taso shi ma haka. Abokina ya ce akwai wani shimfiɗin iska mai zafi a sama da ke danne komai kamar murfin tukunya, in bai fashe ba ba abin da zai faru. Bai fashe ba kuwa. Har magariba sama tas, muka kama ɗaki a wani ƙaramin masauki, na haɗa sallolina na yi ƙasaru. Alƙibla a can arewa maso gabas take, wato daidai inda hadarinsu ke nufa.

Washegari muka bi hanya mai lamba 183 muka yi arewa muka shiga Kansas. Gonakin alkama iya ganinka, ta fara yin ja saura 'yan makonni a girbe, sai dogayen rumbunan siminti a bakin kowane ƙauye da manyan fankokin nan masu ba da lantarki. Muka tsaya a Greensburg cin abinci. Garin nan a daren 4 ga Mayun 2007 tonado ta share kusan kashi 95 cikin ɗari nasa, mutum 11 suka mutu, suka sake gina shi daga tushe. Akwai wata tsohuwar rijiya a tsakiyar garin da aka haƙa da hannu tun 1887, zurfinta ƙafa 109, har matakala aka yi mata ana sauka. Na sauka ciki na tuna masu haƙar rijiya na wajenmu da igiya a ƙugu, na ɗan jima a ƙasan don sanyin wajen.

Muna fitowa wajen ƙarfe huɗu abokina ya nuna min kudu maso yamma. Kai jama'a. Wani gajimare ne ya fasa murfin, yana hawa sama kana ganin motsinsa da ido, yana tafasa yana kumbura kamar kunu a wuta, cikin rabin awa kansa ya baje ya rufe rana. Muka koma kudu da gudu, sannan muka saki kwalta muka bi hanyar tsakuwa. Hanyoyin ƙauyen nan a miƙe suke kamar an ja da rula, kusan duk mil ɗaya akwai mararraba, wannan ne ke taimakon masu bin hadari, amma in ruwa ya taɓa jar ƙasar wajen santsinta ya fi na sabulu, shi ya sa ya ƙi yarda mu bar tsakuwa. Ya zagaya da mu ta kudu maso gabashin hadarin, don ta nan ne ake ganin gindinsa, ruwa da ƙanƙara suna zuba ta ɗaya gefen.

Na fito na kafa kyamara hannuna na rawa. Ban san yadda zan kwatanta muku ba, abu ne guda ɗaya tak a tsaye a sararin sama, kewayensa garau, gindinsa baƙi wuluk a daidaice kamar faifai, jikinsa hawa-hawa kamar an jera kwanuka an murɗa, cikinsa kuma wani irin kore-kore da ban taɓa gani a sama ba. Iska mai ɗumi tana bugun bayana tana shigewa cikinsa, alkama duk ta kwanta ta fuskance shi. Cida ba ta yankewa ko na daƙiƙa ɗaya. Bakina da kansa ya kama subhanallazi yusabbihur ra'adu bihamdihi, addu'ar da Umma ta koya mana tun muna ƙanana in an yi tsawa. Gilashin kyamarar da na sa mai faɗi ne amma duk da haka hadarin ya ƙi shiga hoto ɗaya, sai da na ɗauka kashi-kashi don in haɗa daga baya.

Can sai wani ɓangare na gindin ya zazzago ƙasa yana juyawa a hankali, wani siririn abu kamar jela ya leƙo daga cikinsa, daga nesa kuma muka jiyo jiniyar wani ƙauye ta ɗauka. Nan ne jikina ya yi sanyi, domin ni ina neman hoto, su kuma a daidai lokacin suna kwasar 'ya'yansu suna shiga ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Na sami kaina ina roƙon Allah kada jelar ta sauka ta zama tonado, alhali saboda ita muka yi kwana biyu a hanya. Jelar ta yi kamar minti biyu tana lilo sannan ta narke ta koma. Iskar ta juya ta yi sanyi ƙalau, ya ce shiga mota, na tattara ƙafar kyamara ban ko naɗe ta ba na faɗa ciki. Ƙanƙara ta ɗan same mu a hanya, kamar girman goro, ƙararta a rufin mota ko maganar juna ba ma ji. Ya ce wannan ai wasa ce, a 2010 an tsinci wadda faɗinta ya kai inci 8 a garin Vivian na jihar Dakota ta Kudu.

Bayan isha muka tsaya nesa, hadarin ya yi gaba yana walƙiya ba ƙaƙƙautawa. Hoton walƙiya da dare ya fi sauƙi, ka kafa kyamara ka bar idonta a buɗe kamar daƙiƙa 10, duk wadda ta gifta ta shiga. Ina ƙirga tsakanin haske da ƙara, duk daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ke nan, in ta matso mu koma mota.

A hanyar komawa muka ratsa inda ƙanƙarar ta fi zuba. Fitilar mota ta haska gona, alkamar da na gani da rana tsaye ta kwanta kamar an bi ta da shanu, ƙanƙara tare a bakin hanya fari fat tana hayaƙi. Wani dattijo ya faka a-kori-kurarsa yana tsaye da tocila yana duba zangarniya ɗaya bayan ɗaya. Muka rage gudu, abokina ya tambaye shi ko lafiya, ya ɗaga mana hannu kawai. Kyamarar tana kan cinyata, ban ɗaga ta ba.

Da asuba na tura wa Umma hoton hadarin ta WhatsApp. Ta kira nan take, ta ce kai yanzu da hankalinka kake bin wannan abin, na ce Umma da nisa muke tsayawa, ta ce Allah ya tsare, sannan ta yi shiru tana kallon hoton. Sai ta ce wannan gonar da ke ƙasansa fa, ta waye, an riga an girbe? Na ce a'a Umma, saura mako uku ko huɗu.