Zannuwan Kaka uku

Kakata ba ta iya karatu sosai ba, amma ta haddace Zabura ta 23. Tun da asuba za ka same ta durƙushe a kan tabarma tana ambaton sunayenmu ɗaya bayan ɗaya a gaban Ubangiji, har da maƙwabcin da suka yi rigima kan iyakar gona. Zannuwanta uku ne kacal: na gida, na gona, da na Zumuntar Mata.

Duk ran Alhamis takan dama kunun gyaɗa ta ce, "Jikalle, ɗauko kwanon, mu je asibiti." Ba ta yi wa marasa lafiya dogon wa'azi. Ta zauna kusa da su, ta ba su kunu a baki, ta yi gajeriyar addu'a, mu taso.

Bana, a azumin kwana 40 kafin Ista, ban taɓa wayata da safe sai na karanta Matiyu sura 6. Aya ta 19 zuwa 21, maganar tara dukiya a sama, ita ce ta tsaya mini a rai. Na buɗe akwatina na ƙirga zannuwa 27. Na ware 15, na kai wa gwaurayen ikkilisiyarmu ran Alhamis.